Kwabo Mai Huda Biyu

Ranar Talata da ƙarfe tara na safe aka buɗe ɗakin ƙasa na ganuwar Brazana, aka tarar Yaron ba ya nan.

Akwatin gilashin lafiyarsa lau, ko tsagewa babu, an ma mayar da shi an kulle. Amma ƙasusuwan jaririn da suka shekara shida kwance a ciki, da kwabon azurfar da aka tono tare da su, sun yi ɓatan dabo. To duk wanda ya san Brazana ya san ba don takubba masu tsatsa da fasassun tukwane motocin baƙi ke hawa tudun nan ba. Tun da aka mayar da tsohuwar ganuwar gidan tarihi, Yaron ake zuwa gani, jaririn da aka ce ya shekara ɗari shida. Albarkacinsa ake sayar da tikiti, albarkacinsa matan gari ke sayar da cuku da zuma a bakin ƙofa. Kafin ƙarfe goma rabin gari ya cika farfajiya, kowa da nasa ɓarawon a baki.

Makullan ɗakin biyu ne kacal. Ɗaya na hannun Darakta Oprea, ɗayan na hannun Dorina mai tsaron ɗakin, wadda ke da cikin wata takwas.

Uban Dorina, Toader, yana gyaran shinge labarin ya iske shi. Ya yar da guduma ya hau tudun a guje, tsoho ɗan shekara sittin da huɗu, har numfashinsa na neman ɗaukewa. Shekara arba'in yana bin sawu a duwatsun nan. Kyarkeci in ya ci tunkiya shi ake kira, baƙo in ya ɓata a daji shi ake kira, kuma bai taɓa dawowa ya ce sawu ya ɓace masa ba. Amma gidan tarihin nan bai taɓa shiga ba. Cewa yake matattu ba abin kallo ba ne.

Ya tarar da 'yarsa zaune a kan benci a ofis, hannunta kan ciki, idanunta sun kumbura. Sajan Nistor, ɗan sandan garin tilo, ya ja shi gefe ya gaya masa gaskiya ba ƙumbiya-ƙumbiya. Darakta ya riga ya buga waya birni. Jami'ai za su iso ƙarfe huɗu, kuma satar kayan tarihi ba satar kaza ba ce, ɗauri ne na shekaru. Ranar Litinin aka yi ta, ranar da ake rufe wurin. A ranar, Darakta na birni wajen likitan haƙori tun safe, da shaidu. Saura makulli ɗaya.

"Nea Toader, ni na san Dorina tun tana rarrafe," in ji Nistor, yana kiransa nea, wato kawu, kamar yadda ake kiran dattijo a garin. "Amma su ba su san ta ba. In ba ka kawo mini wani ba kafin huɗu, da ita za su tafi."

Toader ya dubi agogon bango. Sha ɗaya saura. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji a gaban kowace dabba ba.

*

Ɗakin ƙasan ya riga ya lalace. Mutum ya fi talatin sun shiga sun tattake komai, har da mai sayar da zuma da karenta. Toader ya kore su da tsawa, ya durƙusa ya kwantar da kumatunsa a kan dutsen ƙasa yana duban wajen haske, kamar yadda yake yi a bakin rafi.

Abin da ya gani kaɗan ne, kuma bai yi masa kama da sata ba. A akwatin da ke kusa akwai 'yan kunnen zinariya, ba a taɓa su ba. Ɗan ƙyallen da ƙasusuwan ke kwance a kai an ninke shi tsaf. A ƙasa kuma, daidai wajen kai, ɗigon kakin kyandir uku. Wane irin ɓarawo ne zai kunna kyandir da rana tsaka, a ɗakin da ke da lantarki?

Darakta Oprea na tsaye a kansa yana ta zuba. Shi ya tono Yaron da hannunsa, shi ya rubuta littafi a kansa, gobe ɗaliban jami'a mota biyu za su zo, me zai nuna musu? Toader ya san abin da ake faɗi a gari, wai darakta na sayar wa baƙi kaya ta bayan gida. Ya tambaye shi kai tsaye, da fatan ya ga idonsa ya kauce. Oprea ya buɗe baki ya nuna masa ramin haƙorin da aka cire, har yanzu da auduga. Ya ce ko mahaukaci ba zai sayar da abin da yake ci da shi ba. Toader ya so ƙwarai a ce ƙarya yake yi, amma ba ƙarya yake ba.

*

A farfajiya kuwa jama'a sun riga sun yanke hukunci. Zamfir ne. Ɗan ƙabilar Roma ne, 'yan tsirarun da ake rainawa a garin, magini, wata uku yana gyaran bangon yamma, kuma wata tsohuwa ta rantse ta gan shi jiya da buhu a kafaɗa. A Brazana in cokali ya ɓace unguwar su Zamfir ake fara kallo, balle Yaro.

Sawun na nan kuwa, a laka, bakin ƙaramar ƙofar baya. Takalmin roba, dunduniyar dama ta cinye, mai shi ya zo da sauƙi ya koma da nauyi. Zuciyar Toader ta buga da murna, ya bi shi har gangaren unguwar.

Ya tarar da Zamfir a ƙofar gida, 'ya'yansa huɗu sun maƙale a bayansa, don labari ya riga shi isa. Zamfir ya jawo buhun ya zazzage a gaban Toader. Dodon koɗi ne, tuli guda, suna ta miƙo ƙaho. An yi ruwa ranar Lahadi, ya tsince su a gindin bango don wani mai gidan abinci a birni.

"Ƙirga su, nea Toader," in ji shi. "Wataƙila ɗaya daga ciki ne ya haɗiye Yaron."

Toader ya tambaye shi wa ya gani a wajen jiya. Zamfir ya ce ba kowa. Da aka matsa, ya ce to, wata mata dai cikin baƙaƙen kaya da kwando ta wuce daga nesa, wajen azahar, amma wa ke kallon tsohuwa da kwando? Garin nan rabinsa su ne.

Da ya hau tudun, Nistor na jiransa a bakin ƙofa. Ƙarfe ɗaya ta wuce. Sajan ya yi ƙasa da murya ya ce sawun Zamfir na bakin ƙofa, buhu an gan shi, magini kuwa ya san yadda ake buɗe kulle. In Toader ya ce sawun ya shiga har ciki, ba wanda zai musa, don maganarsa a kan sawu ba a ja.

"Kalma ɗaya, 'yarka ta kwana a gida."

Toader bai ce a'a ba. Wannan shi ne abin da ya fi ba shi kunya daga baya. Ya tsaya yana jujjuya hularsa, yana tuna idanun yaran nan huɗu, yana tuna cikin Dorina, ya ji in har huɗu ta yi bai samu komai ba zai faɗi kalmar. Ya ce a ba shi sa'a biyu.

*

Ya koma ƙofar baya ya zauna a kan dutse. Nan ya ga tururuwa.

Layi suka yi daga ƙarƙashin ƙofar, kowace ɗauke da wani abu fari. Ya tsinci ɗaya ya murje. Ƙwayar alkama ce, dafaffiya. Ya ɗora a harshe, ya ji sukari da kirfa.

Koliva. A ƙasar nan ba a dafa alkama da sukari don a ƙoshi. Ta mamaci ce, ita ake kaiwa kabari a raba. Kuma Toader ya san ba a yi rasuwa a Brazana ba tun watan Maris, ba a kuma sanar da addu'ar kowa a coci ranar Lahadi ba. Wanda ya shiga ɗakin nan ba sata ya je yi ba. Ɗaukar gawa ya je.

Ya bar laka, ya shiga duba ciyawar gefen hanya, inda mai gudun ɓata takalmi zai bi. Ga shi nan. Ƙaramin takalmin mata, taku gajere, ƙafar hagu na ɗan jan ƙasa kafin ta ɗaga. Duk taku ashirin mai shi na tsayawa ta sauya hannun da ke riƙe da kwando.

Shekara talatin da takwas yana ganin wannan takun a tsakar gidansa. Na matarsa ne, Saveta, tun da gwiwarta ta hagu ta fara ciwo. Sai ya tuna tukunyar alkamar da ya gani a jiƙe ranar Lahadi, da ta ce ta kaji ce. Ya tuna Dorina ta zo cin abincin rana gidansu ranar Litinin, ta rataye rigar sanyinta a bayan ƙofa, ta kwanta barci don nauyin ciki. Ya tuna yau da aka kawo labari Saveta ba ta biyo shi ba, ta zauna kan kujera kamar an dasa ta.

Sawun ya gangara ta bayan gonar tuffa, ya shiga maƙabarta ta inda shinge ya karye. Ya ƙare a gefen kabarin uwar Saveta. An yanka ciyawa da wuƙa an ɗaga, an mayar da ita daidai, aikin da ba mai gani sai irinsa. Ƙasar wurin na ƙamshin giyar inabi, wadda ake wanke ƙasusuwa da ita in za a sake binne su.

Ya gane wa, amma bai gane dalili ba. Ko matar tasa ta taɓu ne? Me ya haɗa ta da jaririn shekara ɗari shida, har ta bar 'yarta a hannun 'yan sanda?

*

Ƙarfe uku ya koma ɗakin ƙasa. A bango, saman akwatin, akwai babban hoton abin da aka sace. Da safe bai ɗaga kai ya kalle shi ba, ƙasa yake dubawa. Yanzu ya kalla.

Ƙananan ƙasusuwa, da kwabon azurfa a inda hannu yake. Kwabon na da huda biyu. Ɗaya a baki, ta yage. Ɗaya can ciki kaɗan, karkatacciya.

Shi ya yi ta biyun, da ƙusa, a kan dutsen niƙa. Saveta ta tsinci kwabon tana yarinya a gonar da ke gindin ganuwa, inda garma ke tono irinsu kowace damina, ta huda ta rataya a wuya. Da hudar ta yage, shekarar aurensu, ya yi mata wata.

Oprea ya shigo, ya ga yana kallon hoton, sai bakinsa ya buɗe. Ai da wannan kwabon aka gane shekarun Yaron, na zamanin da aka gina ganuwar ne, ba tantama. Toader ya tambaye shi a ina aka tono. Shi dai Toader a lokacin yana can saman dutse da makiyaya, da ya dawo aka ce masa a ganuwa, bai ƙara tambaya ba. Oprea ya ce a waje ne ma, gindin bangon arewa, ƙarƙashin wata tsohuwar bishiyar tuffa.

Toader ya dafa bango.

Shekara talatin da shida ke nan. Ɗansu na fari ya zo cikin tsakiyar hunturu, ƙanƙara ta rufe hanya, ya yi kwana biyu ya koma, ba a kai ga yi masa baftisma ba. Fada, limamin coci na wancan lokacin, ya ce wanda ba a yi wa baftisma ba ba ya shiga maƙabarta, haka aka gada. Saveta na kwance da zazzaɓi, ta cire kwabon daga wuyanta ta ce a sa masa a hannu, kada ya tafi hannu wofi, don ba a binne mutum a nan ba kwabo. Toader ya naɗe shi ya kai shi gindin bangon arewa shi kaɗai. Bai taɓa gaya mata wurin ba, don kada ta riƙa zuwa tana kuka, shi ma bai sake taka wajen ba. Ko Dorina, da ta zo bayan shekara biyar, ba su gaya mata an taɓa haihuwarsa ba.

*

Huɗu saura kwata Nistor ya tara su a farfajiya. Dorina a kan kujera, Oprea da takardunsa, Zamfir da wasu samari suka jawo ba tare da an aike su ba, jama'a kuwa sun zagaye. A can baya, jikin bango, Saveta na tsaye da baƙin ɗankwali. Ba wanda ya lura da zuwanta sai mijinta.

Nistor ya ce, "To, nea Toader. Ina sawun ya kai ka?"

Toader ya fara da Zamfir. Ya ce sawunsa bai tsallake ƙofa ba, dodon koɗi ya tsinta, a sake shi. Aka yi gunaguni. Wani ya ce to in ba shi ba ne ai 'yarka ce. Dorina ta ɗago kai ta dubi ubanta, ta ce, "Baba, wallahi ban taɓa shi ba. Kullum da safe sai na gaishe shi kafin in buɗe wa mutane."

Toader ya dubi 'yarsa, ya dubi matarsa. Ya buɗe baki zai ce shi ne ya ɗauka, don wannan ce kaɗai hanyar da ta rage masa.

"Kada ka yi ƙarya, Toader, ba ka iya ba."

Saveta ce. Ta ratso mutane tana jan ƙafar hagu har ta tsaya gaban Sajan. Ta ce ita ta zare makulli daga aljihun Dorina, ita ta mayar kafin ta farka. Mako uku da suka wuce ta kawo wa 'yarta abinci, ranar farko da ta taɓa sauka ɗakin ƙasa, ta ga wasu baƙi sun jingina da gilashi suna dariya suna ɗaukar hoto. Da suka matsa ta ga kwabonta.

Oprea ya fara cewa ai bincike ya nuna, shekara ɗari shida. Toader ya katse shi. Ya ce a je a duba hoton, hudar ta biyu da ƙusar kanti aka yi ta, shi ya yi, shi kuma ya haƙa ramin. Ya ce akwai tsofaffi a wurin nan da suka tuna hunturun. Wata tsohuwa a cikin taron ta yi alamar gicciye, ita ce ta karɓi haihuwar. Oprea ya zauna a kan matakala, takardunsa suka zube, bai tsince su ba.

Dorina ta miƙe da ƙyar. "Mama, wane ne shi?"

"Yayanki ne. Ilarie na sa masa, a zuciyata, tunda ba su bari an sa masa ba." Saveta ta kama hannunta. "Ki yafe mini, 'yata. Tun safe nake zaune. In na yi shiru su tafi da ke, in na yi magana su tono shi. Ban san wanda zan bayar ba a cikinku."

Dorina ta rufe baki da hannu. Shekara shida tana yaga wa mutane tikiti su shiga su kalli ɗan uwanta.

Ƙarar mota ta taso daga gangare. Nistor ya share gumi, ya ce Dorina ta tafi gida, ba ruwanta. Amma uwarta Saveta sai ta bi jami'an birni ta yi bayani, kuma ko na shekara nawa ne, abin da aka rubuta a rajista kayan hukuma ne. Za su so a mayar da shi, a kai ɗakin gwaji, a tabbatar. In aka mayar yau, abin zai zo mata da sauƙi. Ya tambaye ta ina ta kai shi.

Saveta ta ɗaure bakinta kamar yadda take ɗaure buhun gari. Nistor ya san ba zai samu komai a nan ba, sai ya juya.

"Nea Toader, kai ka bi sawun. Ina ya ƙare?"

Akwai laka ta maƙabarta a gwiwar wandon Toader, ja, irin wadda babu ita a ko'ina cikin garin sai can. Zamfir na kallonta. Nistor ma ya kalle ta. Mai sayar da zuma ta kalla, sannan ta ɗauke kai ta shiga gyara ɗankwalinta.

Toader ya dubi matarsa. Ya san abin da amsarsa za ta jawo mata, ya kuma ga abin da idanunta ke roƙonsa. Shekara talatin da shida da suka wuce ya ɓoye mata inda ɗanta yake, yana ganin alheri yake yi mata.

"Ya ɓace mini," in ji shi. "Daga bakin ƙofa na rasa shi."

"Kai? Sawu ya ɓace maka?"

"Na tsufa, Sajan."

Nistor ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ciro littafinsa ya rubuta abin da aka gaya masa. Motar ta shigo farfajiya ta tsaya. Toader ya sa hularsa, ya kama Saveta ta gefen ƙafar mai ciwo, suka nufi motar tare, a hankali, daidai takunta.